Shekarar da Kowa Ya Fita da Sunansa

Kun taso kuna jin wata magana a bakin mutanen unguwarmu ta Koki, cewa ni na sa aka rufe wa Baffanku Lawan shago har aka tafi da shi. Ba wanda ya taɓa faɗa muku ita a gabana, amma na sha ganinta a fuskokinku, musamman ranar Salla in aka ce ku je ku gaishe shi, sai ku tsaya kuna kallon juna. Yanzu da gemu ya yi fari, gwiwa kuma ta daina shiri da matakala, na ga gara ku ji ta daga bakina. Ba zan shafa wa yayana baƙin fenti ba, don mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa. Ba kuma zan ce muku na yi nadama ba, don ban yi ba. Abin da ya faru kawai zan faɗa, ku yi hukunci da kanku.

A wancan zamani intanet bai shiga aljihun kowa ba tukuna. Wanda yake son aika saƙo ko duba sakamakon jarrabawa sai ya wanke ƙafa ya tafi kafe, ya sayi lokaci, ya zauna yana jiran shafi ya buɗe. Ni da abokin aikina Bashir muka kafa wani ɗan kamfani a saman wani bene kusa da Dutsen Dala. Muka ɗora faranti a rufi muna janyo intanet ta tauraron ɗan'adam, muna rarraba shi ta eriya zuwa shagunan kafe da makarantu da 'yan kasuwar cikin birni. Hanyar tamu ƙarama ce ƙwarai, masu bi kuwa da yawa, don haka muka ajiye wata kwamfuta a tsakiya, wadda a aikinmu ake kira sabar furoksi. Aikinta aikin ɗan aike ne. Kwamfutarka ba ta fita waje da kanta, sai ta faɗa wa furoksi abin da take so, shi ya je ya karɓo ya miƙa mata, ya kuma ajiye kwafi, in wani ya nemi irinsa ya ba shi daga ajiya ba tare da an sake wahalar da hanya ba. Sai dai ɗan aiken nan da sunansa yake zuwa, ba da sunan wanda ya aike shi ba. Kowace kwamfuta a intanet tana da lamba da ake gane ta da ita, wadda muke kira adireshi. To, duk jama'ar da muke ba wa intanet, daga Dala har Shahuci, da adireshi ɗaya duniya take ganinsu, wato namu.

Mutum na farko da ya karɓi layinmu Yaya Lawan ne. Ya buɗe kafe a Shahuci tun kafin mu san ko sana'ar za ta zauna, ba don ya fahimci kwamfuta ba, sai don kada a ce ƙaninsa ya kafa abu bai samu mai saye ba. Shi ya gaji halin mahaifinmu. Kakanku fatoma ne, fatake masu fata da goro a gidanmu suke sauka, shi yake shiga kasuwa ya yi ciniki a madadinsu, ya tsaya musu da sunansa. Dokarsa guda ce, mun haddace ta tun kafin mu haddace Fatiha da kyau: baƙo ba a tambayarsa abin da ke cikin buhunsa, kuma ba a faɗa wa na waje sunansa. Ranar da na yi wa Yaya bayanin furoksi dariya ya yi har da tafawa.

"Ashe duk bokon nan da ka yi, fatomanci ka koma yi da inji," in ji shi. "Da Baba na raye da ya sa maka albarka."

Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, don ba kasafai Yaya yake yabon mutum a gabansa ba.

Matsala ta fara ne a shekara ta uku, da bazara. Shafuka suka fara ƙin karɓarmu ɗaya bayan ɗaya. Ɗan kasuwa ya aika wa abokin cinikinsa saƙo, saƙon ya dawo. Wani ya shiga shafin banki, a ce masa ba a yarda da inda ya fito ba. Da muka bincika, sai muka tarar an saka adireshinmu cikin waɗanda ake gudu, saboda wasiƙun damfara da ke fita ta cikinsa, irin waɗanda ake yi wa mutanen ƙasashen waje romon baka da gādon ƙarya. Wake ɗaya ne ke ɓata gari, mu kuwa duk a ƙwarya ɗaya muke. Muka rubuta muka ba da haƙuri, aka cire mu, ba a jima ba aka sake mayar da mu.

Wata rana da hantsi Malama Hadiza ta hawo benenmu tana haki. Ita ce shugabar wata makarantar 'yan mata a Dala, kuma layinmu suke amfani da shi. A shekarar ne aka ce rajistar jarrabawar kammala sakandare sai ta intanet, shafin rajistar kuma ya toshe mu. Ba ta ko zauna ba.

"Injiniya, yaran nan da ƙyar na shawo kan iyayensu suka bar su suka kai aji shida. In aka rufe rajista ba su shiga ba, ba za a ba ni wata shekarar ba. Me muka yi aka hana mu?"

"Ba ku yi komai ba, Malama. Laifin wani ne ya shafe ku."

"To, a raba mu da shi mana."

Ta faɗe ta kamar abu mai sauƙi. Ba ta san cewa na riga na san daga wace eriya ɓarnar take fitowa ba.

Da la'asar na je Shahuci. Shagon cike yake, fanka na kaɗa iska mai zafi. A can ƙurya akwai wasu samari da ba 'yan unguwa ba, sun juya allon kwamfuta wajen bango, kowa da ɗan faifansa a hannu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na ja Yaya waje, muka tsaya a inuwar bango na faɗa masa komai. Ya saurare ni har na gama yana jan carbi.

"Habibu, ni kujera nake hayarwa da lokaci. Ban taɓa leƙa abin da mutum yake rubutawa ba, ba kuma zan fara ba."

"Yaya, ba leƙe na ce ka yi ba. Ka sallame su kawai."

"Da wace hujja? Mutum ya shigo da sallama, ya biya, ya zauna. In ce masa fuskarka ta yi kama da ta ɓarawo? Kai ka gyara injinka."

Na san Yaya. Ba kwaɗayi ne ya hana shi ba, abin da samarin nan ke biya bai taka kara ya karya ba. Shi dai a wurinsa korar wanda ya zauna a inuwarka abin kunya ne da ya fi asara. Na koma ofis raina a ɓace, don gaba kura ce baya siyaki. In na yanke masa layi, na kashe masa sana'a da hannuna. In na yi shiru, 'yan matan Malama Hadiza da sauran jama'a su biya bashin da ba su ci ba.

Bashir ne ya kawo hanya ta uku, ko da yake shi a matsayin dabarar aiki kawai ya kawo ta. Ya ce mu nemi tarin adireshi daga wajen waɗanda ke sayar mana da layi, mu ba kowane shago da kowace makaranta nata. Furoksi ba za mu iya cire shi ba, in muka cire hanya za ta shaƙe cikin yini ɗaya. Amma ana iya saita shi ya daina fita da sunansa, ya riƙa aron adireshin wanda ya aike shi. In makaranta ta aike shi, waje ya ga makaranta, in kafe ne, a ga kafe. Kuma tun da aikin zai ƙaru, ga zafin Kano ga ɗaukewar wuta, inji ɗaya in ya faɗi kowa ya faɗi, sai mu haɗa guda uku su zama gungu, suna raba kaya a tsakaninsu, in ɗaya ya mutu sauran su ɗauke nasa. Yana magana yana zane a kan allo cikin murna. Ni kuwa ina kallon zanen ina ganin abin da shi bai gani ba. Daga ranar da muka kunna wannan, duk wasiƙar da ta fita daga Shahuci da lambar Yaya za ta fita.

Ban yarda in yi abin a ɓoye ba. Bayan magariba na nemi Yaya muka shiga ɗakin Hajiya, kakarku. A lokacin duk gida ɗaya muke, sashensa da nawa tsakar gida ɗaya, ɗakin Hajiya a tsakiya. Hajiya ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, ko kallonsa ba ta cika yi ba in yana magana. In za ta ambace shi sai ta ce "yayanka", ko ta ce "wancan". Na yi mata bayani da misalin ɗan aike, ta gane tun kafin in kai ƙarshe.

"Wato dā in yaron ya je kasuwa cewa yake daga gidan Habibu yake, yanzu kuma zai ce wane ne ya aiko shi."

"Haka ne, Hajiya."

"In wane ya yi abin kunya fa?"

"Shi kaɗai za a nema."

Yaya ya ɗago kai. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"A gidan nan aka taɓa kama wani bafatake da kayan da ba nasa ba. Baba ya je gaban alƙali ya ce baƙona ne, ni za a tambaya. Kai kuma ka zo kana gaya mini za ka yaye mini rufi, kuma wai shawara kake yi da ni."

"Baba ya tsaya wa mutum ɗaya da sunansa shi kaɗai, Yaya. Ni sunan da nake tsaya maka da shi ba nawa ba ne ni kaɗai. Na makarantar 'yan mata ne, na masu shaguna ne, kuma ba wanda ya tambaye su ko sun yarda. Ka sallami samarin nan, wallahi ba abin da zai same ka."

"Ba zan kori kowa ba."

Muka juya ga Hajiya. Ta gama murza goro a magogi, sannan ta ce da ni, idonta a ƙasa:

"Haƙƙin mutane ba a wasa da shi. Amma ka sani, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ban samu izini ba, ban kuma samu hani ba. Na tashi da nauyin a kaina ni kaɗai.

Ranar da muka kunna gungun, komai ya tsaya cak. Shafi ya fara buɗewa ya maƙale a rabi. Wayoyi suka yi ta ƙara, masu kafe suna zagi, Bashir ya jiƙe sharkaf da gumi. Sai da muka sha wuya muka gano dalili. Tun da inji yana fita da adireshin mai aike, amsa ma da sunan mai aiken take dawowa. Na'urar da ke raba hanya a bakin ƙofarmu, wadda muke kira rawuta, sai ta miƙa amsar kai tsaye ga kwamfutar mutumin, ita kuwa ba ta san da zancen ba, sai ta watsar. Da muka gyara wannan muka ce amsa ta riƙa biyowa ta gungu, sai wata ta ɓullo: inji na ɗaya ya yi tambaya, amsa ta faɗa hannun na uku, shi ma ya ce bai aiki kowa ba. Yaya ya aiko mini da saƙo ta bakin matarsa, wai a gaya mini ko injin ma ya fi ni kunya.

Da yamma Bashir ya jefar da sukudireba a kan tebur.

"Mu mayar da shi yadda yake, Habibu. Mu kai 'yan makarantar nan wani kafe a Sabon Gari su yi rajistarsu, a huta."

A nan ne na samu mafaka in da ina so. Da sai in koma gida in ce abin ya gagara, Yaya ya yi mini dariya kwana biyu, shi ke nan. Na zauna ina kallon fitilun injinan nan uku suna ƙyaftawa, zuciyata na cewa ka karɓa. Amma rajista ba ita kaɗai ba ce. Gobe sakamako ne, jibi neman gurbin karatu, ga 'yan kasuwa da saƙonninsu, kullum sai mu riƙa kwasar mutane muna kai su aron suna a wata unguwa? Na ce da Bashir mu sake gwadawa. Muka saita rawuta ta riƙa duba adireshin mai aike a fita da dawowa, ta yadda duk wanda aka damƙa wa inji na ɗaya, tafiyarsa da amsarsa duk ta hannun na ɗaya za su bi. Washegari kafin azahar shafuka suka fara buɗewa tas.

Malama Hadiza ta yi wa ɗalibanta rajista a cikin makarantarsu. Ta aiko mana da kwanon alkaki, Bashir ya cinye fiye da rabi. Ni ban iya ci ba, don a makon nan aka toshe adireshin Shahuci shi kaɗai. Mutanen kirki da ke zuwa shagon Yaya suka ga saƙonsu ba ya tafiya, suka koma wasu shaguna. Aka bar shi da samarin ƙurya, su da suka san hanyoyin zagaye. Na sake zuwa na roƙe shi, na ce in ya sallame su zan ba shi sabon adireshi mai tsabta a ranar. Ya ce in gaida gida.

Damina ta yi nisa lokacin da jami'an tsaro suka zo. Su uku ne cikin kayan gida, suka nuna mini katin aiki, babbansu ya karanto mini lamba.

"Injiniya, an ce wannan adireshin daga cikin naku ne. Wa kuka ba?"

Na san lambar kamar yadda na san sunana. Da dā ne, da sai in ce mutane da yawa ne a bayanta, ban san ko wane ne ba, kuma gaskiya na faɗa. Yanzu kuwa wannan amsar ta zama ƙarya, ni na mayar da ita ƙarya da hannuna. Na ce shagon yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na rantse ba shi yake rubuta wasiƙun ba. Suka ce wannan aikinsu ne su gano. Sai na roƙe su abu ɗaya, su bar ni in bi su, don kada a ci masa mutunci a gaban jama'a, kada a sa masa ankwa. Suka yarda.

To, ga asalin maganar da kuka taso kuna ji. Mutanen Shahuci sun ga mota ta tsaya a ƙofar shagon Lawan, sun ga ƙaninsa ya fara fitowa daga ciki, jami'ai na biye da shi. Ba wanda ya ji abin da aka faɗa a saman bene. Samarin kuwa tun da suka hango motar suka sulale ta baya. Yaya ya tashi ya gyara hularsa, ya miƙa musu mukulli, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ba a sa masa ankwa ba, wannan kaɗai na samo masa.

Da na shiga gida na tarar labari ya riga ni. Hajiya na tsaye a tsakar gida ba mayafi, abin da ban taɓa gani ba.

"Ina Lawan?" ta ce.

Matan gida suka sunkuyar da kai. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya yi kwanaki a hannunsu. An tambaye shi sunayen samarin, ya ce bai taɓa tambaya ba, da ya sani ma ba zai faɗa ba. Da ba a samu komai a hannunsa ba aka ba da shi beli, ni na tsaya masa. Kwamfutocin kuwa sai da suka daina amfani aka dawo da su, shagon bai sake buɗewa ba. Na ce ya zo mu yi aiki tare, ya ƙi. Na aika masa da abin da zai ja jari, ya mayar. Ya koma sayar da fata a kasuwa, sana'ar da ya baro tun yana saurayi.

Bayan Babbar Salla na dawo daga aiki na tarar da magina a tsakar gida, an ja igiya, an tara bulo. Yaya na tsaye yana nuna musu inda za su fasa masa ƙofa ta lungun baya. Na ce, "Yaya, mene ne haka?" Ya amsa mini cikin sanyin murya, ba faɗa ba gori.

"Kai ka ce kowa ya fita da sunansa. Na yarda. Ga ƙofarka, ga tawa."

Igiyar ta zo daidai ƙofar ɗakin Hajiya, magina suka tsaya suna jiran a faɗa musu ta wane gefe bango zai bi. Ni na ɗauka zancen a bayyane yake. Sashena ya fi faɗi, matata ce ke yi mata girki, ni nake kai ta asibiti. Hajiya ta fito ta dubi igiyar, ta sa ƙafa ta tura ta wajen sashena, ɗakinta ya faɗa ɓangaren Yaya. Na ce, "Hajiya, laifi na yi?"

"Ba ka yi laifi ba," in ji ta. "Kai kana da gaskiyarka, za ta ɗebe maka kewa. Shi ba abin da ya rage masa sai ni."

Daga ranar har ta koma ga Mahaliccinta, kullum da safe sai in fita ta ƙofata, in zaga ta lungu, in tsaya a ƙofar Yaya in yi sallama, in jira a ba ni izini kafin in shiga in gaida uwata.